Musayar waƙa a Jos: shago a buɗe, jari a tsaye

Ɗan tireda, Gangare

Assalamu alaikum, iyayen gida,
Ga tambaya nan, ku taya warwarewa.

Mutum ya buɗe shago tun da asuba,
Sai bayan isha'i yake rufewa.

Ana shiga, ana fita, ana ciniki,
Amma kanta kullum tana ramewa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023,
Kuɗin mota ya hana shi numfasawa.

Ya ci bashi ne ya ƙaro kaya,
Ko ko lokaci ya yi na sauyawa?

Dillalin hatsi, Katako

Ƙanena, ajiye zancen bashi tukuna,
Ba a ƙari kan abin da ba a ƙirga ba.

Rufe shagon nan yini guda cur,
Kar ka bar ko ashana ba ka rubuta ba.

Layi na fari kaya, a sarin yau,
Ba a kuɗin da ka saro bara ba.

Na biyu kuɗin hannu da na banki,
Na uku bashin da ba a biya ka ba.

Cire abin da dila yake bin ka,
Da hayar da ba ka kai wa mai gida ba.

Abin da ya saura shi ne jari,
Ba abin da ido ya gani a kanta ba.

Ga inda ɓarnar take, saurara:
Buhu 10 a dubu 40-40, sari bai tsaya ba.

Kafin su ƙare ya kai dubu 50,
Kai kuwa ba ka leƙa ka ji ba.

Ka sayar a dubu 45 kana murna,
Riba ce a baki, ba a kaya ba.

Dubu 450 ka koma da ita sari,
Buhu 9 za ta ɗauko, ba 10 ba.

Buhu guda ya tafi, babu ɓarawo,
Babu gobara, kuma ba ka ci ba.

Buga wa dila kafin ka yanka farashi,
Ɗora riba kan sarin yau, ba na jiya ba.

Hajiya mai kayan gwari, Farin Gada

Alhaji, lissafinka ya fita daidai,
Amma ka wuce da sauri kan bashi.

Raba masu ɗauka gida uku:
Mai biya duk wata, ci gaba da ba shi.

Wanda ya haura kwana 30 shiru,
Tsayar da awo, a je gida a same shi.

Ban da faɗa, a yanka biya kaɗan-kaɗan,
Duk Juma'a, a rubuta a gabanshi.

Wanda ya shekara har ya sauya hanya,
Cire shi daga jari, daina ƙirgawa da shi.

Sai cefane, da ke zarar kuɗin shago:
Mai shago ya yanka wa kansa albashi.

Biki da suna da gudummawar dangi,
Duk daga nan, ban da ƙetare shi.

Tumatir ya koya wa Farin Gada:
Kwandon da ya kwana, karyar da shi.

Haka kayan da ya yi wata 3 a kanta,
Ko a uwar kuɗi ne, rabu da shi.

Kuɗin ya koma kan sukari da sabulu,
Abin da kullum ake tambayarshi.

Ɗan tireda, Gangare

Hajiya, Allah ya saka da alheri,
Amma akwai sauran abin dubawa.

In ya ƙara kuɗi maƙwabci bai ƙara ba,
Can masu saye za su yi ta komawa.

Wani kuma ba jarin ne ya tsaya ba,
Zuciyar ce ta daina motsawa.

Baba mai ritaya, Bukuru

Ɗana, maƙwabcin da ya ƙi ƙarawa
Jarinsa yake ci, kar ka bi shi da sauri.

Kai ƙulla ƙanana, na 200, na 500,
Mai ƙaramin ƙarfi ya saya, ka tsira da jari.

Sauya sana'a kuwa, Jos ta san shi,
Kuza ce da can ta tara gari.

Farashinta ya karye a duniya a 1985,
Ga ramuka an bari da ruwa wuri-wuri.

Da ruwan nan yau ake noman rani,
Kabeji da karas har ana sari.

Kasuwar Terminus ta ci wuta a 2002,
Da tebur wasu suka sake sabon shiri.

Amma fa sauyi yana da ƙa'ida:
Ba a rufe tsohon shago da fari.

Ware ɗaya bisa goma na abin hannunka,
Shi kaɗai za ka sa a haɗari.

Zauna wata 3 gun wanda ya iya,
Ka ga inda ake asara, ka yi nazari.

In dankali ne na Bokkos ko Mangu,
Zazzage buhun, kar ka tsaya kan layin fari.

Na damina in ya jiƙe ruɓewa yake,
Ɗaya ya lalace ya shafi tari.

Zagaye uku in ya dawo da riba,
Sannan a ƙara a hankali da tsari.

Mai garatuti, da kai nake musamman,
Kar ka juye shi duka a cinikin fari.

Dillalin hatsi, Katako

Baba ya gama, saura batun rance,
Ban hana ba, ban kuma ce a ruga ba.

Auna kwana nawa kaya ke ƙarewa:
In 40 ne, rancen biyan mako bai dace ba.

Za a zo karɓa kaya na kanta,
Ka biya da jari, ba da riba ba.

Gara dila ya ba ka, ka sayar ka kawo,
Ko adashi da waɗanda ba su taɓa saɓawa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Unguwar Rogo

Yayana, an yi maganar kanta,
Zuciyar da ka ambata kar a manta.

Mai tsayuwa yakan tara niyya goma,
Kowacce ya ce sai wani wata.

Ya zaɓi guda ya sa mata rana,
A takarda, da hannunsa ya rubuta.

Ya faɗa wa mutum biyu masu gaskiya,
Ranar ta zo su tuna masa ita.

Ya yi istihara, ya zauna da uwargida,
Ta san halin aljihu, za ta fahimta.

Amma in mako 2 ya wuce yana ƙunci,
Ba barci, ba cin abinci, ba ya son fita,

Abin da yake so da ya fita ransa,
Ba lalaci ba ne, alama ce ta cuta.

Kar a ce masa ya daure kawai,
A raka shi asibiti ya ga likita.

Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos
Yana da sashen da ke duba ta.

Ƙani ya riƙe shagon kafin ya murmure,
Abin da ya shiga da wanda ya fita a rubuta.