Oscar De Priest: jarumi ne ko yaron iyayen gida?

Malam Sani: Ni dai a ganina, cikin 'yan majalisar wakilan Amurka na farkon ƙarni na 20 babu wanda ya tsaya wa baƙar fata kamar Oscar De Priest. Tun da George White ya bar majalisa a 1901, shekara 28 ba a sake ganin baƙar fata a zauren ba, sai da De Priest ya ci zaɓe a Chicago a 1928.

Hajiya Rabi: Malam, cin zaɓe ai ba aiki ba ne. Mai kujerar, Martin Madden, rasuwa ya yi, magajin gari William Thompson da mutanensa suka ɗora De Priest. Kuma a 1917, yana kansila, an gurfanar da shi kan karɓar na goro daga gidajen caca.

Malam Sani: Kotu ta wanke shi, Hajiya. Ki faɗi wannan ma.

Ashiru: Ku gafarce ni, manya. A duba abin da ya yi da kujerar mana. A 1933 shi ya sa aka shigar da sharaɗin hana wariyar launin fata cikin dokar da ta ɗauki matasa aikin dashen itatuwa. A 1934 aka hana sakatarensa cin abinci a ɗakin cin abincin majalisa saboda launinsa. Bai haɗiye ba, ya yi ta tattara sa hannun 'yan majalisa har aka kafa kwamitin bincike.

Hajiya Rabi: Kwamitin ya gama zama, wariyar tana nan daram. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Tattalin arziki ya durƙushe, mutanen mazaɓarsa ba aiki ba abinci, shi kuwa yana sukar shirye-shiryen tallafin shugaban ƙasa Franklin Roosevelt saboda biyayya ga jam'iyyar Republican. Su da kansu suka kayar da shi a 1934, suka zaɓi Arthur Mitchell, shi ma baƙar fata, ɗan Democrat.

Malam Sani: Guguwar Roosevelt ce, ta kwashe 'yan Republican da yawa a shekarar. Ki tuna shi kaɗai ne baƙar fata cikin mutum 435. Shayi kawai matarsa Jessie ta sha a Fadar White House a 1929, wasu majalisun jihohin Kudu suka yi Allah-wadai.

Hajiya Rabi: Jarumtarsa ban musa ba, Malam. Tambayata, me ta sa a tukunyar talakan Chicago?