Neman shawara kan tikitin jirgin Umara

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku ba ni shawara. Ina so in kai mahaifiyata Umara kafin azumi, amma kuɗin tikitin Jidda ya tsaya mini a wuya, kullum na duba a waya sai in ga ya ƙaru.

A Kaduna muke. Wanne ya fi sauƙi: mu hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu mu tashi ta Abuja, ko mu nufi Kano? An ce mai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa ya fi araha, to amma Hajiya na fama da ciwon gwiwa, dogon jira zai wahalar da ita. Kuma in saya ta hannun ejan ne, ko da kaina a intanet?