Neman kalma: me za mu kira "criminal record" da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara wata 'yar takardar wayar da kai don 'yan uwanmu Kanawa mazauna ƙetare masu neman zama 'yan ƙasa a can, sai na zo kan "criminal record" na cije. A rediyo ina jin "tarihin aikata laifi". Ta wadatar, ko akwai wadda ta fi ta zama daram?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ni dai ba ta kwanta mini ba. Ka ce wa Bakano wane yana da tarihin aikata laifi, abin da zai ji shi ne tantiri ne, bana yana gidan yarin Kurmawa, baɗi yana na Goron Dutse. Alhali wanda aka ci tararsa sau ɗaya tun yana saurayi shi ma abin ya hau kansa. Ni "tabon shari'a" na fi so. Ciwo ya warke, shaida ta zauna, ai tabo ke nan.

Barista: Allah ya gafarta Malam, kalmarka tana da daɗi a baki, amma ina jin tsoron ta jefa mutane a rami. Tabo sai an ji ciwo, wato sai alƙali ya same ka da laifi. Su kuwa masu ba da takardar ƙasa ba nan tambayarsu ta tsaya ba. Ɗauki Amurka. Fom ɗinsu na neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambaya ko an taɓa kama ka, ko tsare ka, ko gurfanar da kai, a ko'ina a duniya, ko da an sallame ka, ko da kotu ta share maganar daga baya. Mutuminmu da 'yan sanda suka kwashe a samame ya kwana biyu a caji ofis aka sake shi, in ka tambaye shi yana da tabon shari'a zai rantse ba shi da shi, kuma iyakar gaskiyarsa ya faɗa. Sai ya cika fom ya ce a'a. Ranar da abin ya fito, ba kamun ne zai kayar da shi ba, ɓoyewar ce, domin ƙarya bayan rantsuwa ita kaɗai ta isa a ce ba shi da kyawun hali.

Kuma hukuncin ma hawa-hawa ne. Can a Amurka shekara 5 na baya suka fi zuba wa ido, ko 3 ga mai auren ɗan ƙasa, kodayake jami'i na iya waiwayawa baya da haka. Wanda ya yi kwana 180 a ɗaure cikin waɗannan shekaru sai ya jira. Amma kisan kai, da rukunin manyan laifukan da dokarsu ta ware in an yanke hukuncin daga 29 ga Nuwamba 1990 zuwa yau, waɗannan ƙofa ta rufe har abada. Kalma ɗaya ba za ta ɗauki wanda aka kama aka saki da wanda aka ɗaure ba, sai in an ambaci duka biyun a cikinta.

Wani ɗan kasuwa a Kwari: Barista, to me ya hana a bar ta "rikodin laifi"? Kowa ya san rikodin.

Malamin Hausa: Alhaji, rikodin a kunnen mutanenmu ɗaukar murya ne. Za a zaci kaset ake nema.

Hajiya daga Fagge, mazauniyar Ingila: Malamai ku ba ni dama in sa baki. A nan Birtaniya akwai dokar 1974 da ta ce wasu hukunce-hukuncen in sun daɗe sun zama kamar ba a yi ba, ba sai ka faɗa wa mai ɗaukarka aiki ba. Mutanenmu da yawa nan suke ruɗewa, su ɗauka har wajen neman ƙasa haka ne. Ba haka ba ne, a can komai tsufansa sai ka bayyana. Kuma tun ƙarshen Yulin 2023, wanda aka ɗaure wata 12 ko fiye, a al'ada ƙin ba shi ake yi ko shekara nawa aka yi. Don Allah duk kalmar da za ku zaɓa, ta nuna cewa abu ne rubutacce da ke ajiye a hannun hukuma, ba abin da unguwa ta sani ko ta manta ba.

Barista: Hajiya ta kawo mu gida. Abu ne a rubuce, da zanen yatsu. Ko a nan, takardar shaidar hali da 'yan sanda ke bayarwa daga rajistarsu ta Alagbon a Legas ake dubawa. Don haka nake cewa "kundi". Shawarata: "kundin tuhuma da hukunci". Tuhuma ta kwashe kamu da gurfanarwa, hukunci ya kwashe tara, ɗaurin talala da zaman gidan yari. Kuma ba ta kira kowa mai laifi ba, wanda ya dace da sashe na 36 na tsarin mulkinmu.

Af, kada mu ɗauka sai Turai ake wannan. Sashe na 27 na tsarin mulkin 1999 ya ce baƙon da ke son zama ɗan Najeriya, ko Kwara ne, wato ɗan Lebanon, da ya tsufa a Kano, sai ya cika shekara 15 yana zaune a ƙasar kuma an shaide shi da kyawun hali. Sashe na 30 ya ba shugaban ƙasa ikon ƙwace takardar in an ɗaure mutumin shekara 3 ko fiye cikin shekara 7 da ba shi.

Malamin Hausa: Na sallama kundi, amma ban saki tabona ba. A bar "kundin tuhuma da hukunci" ga takardar gaba ɗaya, "tabon hukunci" kuma ga wanda kotu ta samu da laifi. Akwai inda bambancin ke da amfani. Jamus ba ta lissafa tarar da ba ta wuce kuɗin shigar mutum na kwana 90 ba, ko ɗaurin talala na wata 3. Mai irin wannan sunansa na cikin kundi, amma tabon bai kai ya hana shi ba.

Ɗan kasuwa: Ta yi tsawo dai. Mai karanta labarai zai gaji.

Mai tambaya: Tsawon ba zai dame ni a takarda ba, Alhaji. Ga yadda na sa, ku duba mini: "Bayyana duk abin da ke cikin kundinka na tuhuma da hukunci, ko da an sallame ka, ko an yi maka afuwa." Barista, "afuwa" ta ɗauki wadda gwamna ke yi wa fursunoni da kuma sharewar da kotu ke yi, ko in raba su?

Barista: Raba su. Afuwa ta gwamna ce ko shugaban ƙasa, ta kotu kuma ka ce "ko kotu ta share maganar".