Kifin ado na teku: na kiwo kaɗai ya kamata a saya?

Alhaji Bello, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Ina so in kafa tankin gilashi na ruwan gishiri a zauren otel ɗina, da kifaye masu launi da murjani mai rai, wato halittar nan ta teku mai kama da dutse mai rassa. Wani dillali a Duwala ya ce kada in damu da inda kifin ya fito, wai teku ba ta ƙarewa. Ni dai a ganina duk kifin adon da aka kamo daga teku ɓarna ce, na kiwo kaɗai zan saya. Me kuka gani?

Malam Sani, Marwa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kana kan hanya. A Filifin da Indonesiya masu nutso kan fesa gubar sayanaid cikin ramukan murjani, kifi ya suma, su kwashe. Murjanin da gubar ta taɓa yakan yi fari ya mutu, kifin ma da yawa ba ya kai labari, ko a hanya ko bayan ya shiga tankin mai saye. Doka ta hana, amma ba a daina ba. Mu nan ai mun san abin da gamalin ke yi wa kogi, har 'ya'yan kifi ba ya bari.

Hajiya Rabi, Kusiri: Malam, wannan "duk" ɗin na Alhaji ne ban yarda da shi ba. Ni 'yar masunta ce, a Logon mahaifina ya ci abinci har ya tsufa. A Filifin da Indonesiyar ma akwai masu kamu da ƙaramar raga, ɗaya bayan ɗaya, ba guba. Mai cin abinci da murjani mai rai shi ne zai tsare shi. In an daina saye a hannunsa, me zai ba iyalinsa?

Musa, Njamena: Hajiya, ko ba guba, yawan ɗiba ma kisa ne. Kifin adon nan na Banggai asalinsa wasu 'yan tsibirai ne kawai masu wannan suna a Indonesiya. Aka yi ta kwasarsa har a 2007 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, alhali kiwonsa ba wuya, namijin ne ke riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe.

Hajiya Rabi: To ɗana, in an koma kiwonsa a gonakin wata ƙasa, mutanen Banggai me suka samu? Kuma yawancin kifayen teku har yau ba a iya kiwonsu ba.

Malam Sani: Haka ne Hajiya. Amma daga Garwa ta yaya Alhaji zai bambanta kamun raga da kamun guba? Kifi ba ya zuwa da shaida a goshi. Murjani mai tauri ne ma ake iya bin sawunsa, don ba ya ƙetare iyaka sai da takardar CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, kuma na noma yakan zo manne a kan ɗan guntun siminti.

Musa: Baba Alhaji, ka tuna da zafin Maris da Afrilu. Murjani na son ruwa ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26. Wuta ta ɗauke yini guda, komai ya tafi, na kiwo da na kamu.

Alhaji Bello: Na ji. Murjani zai jira sai na sa sola da na'urar sanyaya ruwa. Kifi kuwa zan fara da na kiwo.

Hajiya Rabi: Allah ya sa albarka. Amma ka tambayi dillalin ko yana da na kamun raga, da wurin da aka kamo shi. In ba a tambaya, ba zai taɓa nemowa ba.