Ina shayarwa, suga kuma yana neman dawowa

Jama'a, don Allah ku ba ni shawara. Na yi ciwon suga lokacin da nake da juna biyu, da na haihu ya sauka. Yanzu gwajin HbA1c (gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya) ya nuna 5.9, likita ta ce ina gab da kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu. Ta ce in rage ƙiba, in riƙa motsa jiki minti 150 a mako.

Matsalar ita ce yunwa. Da tsakar dare, yarinya na gama shan nono sai hannuna ya kama rawa, dole in ci wani abu. In na rage ci kuma, ina tsoron nono ya ƙafe. Shin in nemi a ɗora ni kan maganin sugan nan, metformin, tun yanzu, ko in jira yaye? 'Yan'uwa mata, yaya kuka yi?