List<Kaya> ya ƙi komawa KundinKaya a C#

Assalamu alaikum. Ina rubuta manhajar lissafin kayan shago da harshen shirye-shiryen kwamfuta na C# a kan .NET 8. Na yi aji (class) mai suna KundinKaya wanda ya gaji List<Kaya>, don in ƙara masa ayyukan kaina irin su JimillarKudi(). Da zarar na tace kaya, shi ke nan: kundi.Where(k => k.Adadi < 5).ToList() sai ya dawo mini da List<Kaya> zalla, babu JimillarKudi() a jikinsa.

Na tilasta juya sakamakon tacewar zuwa KundinKaya da (KundinKaya)sakamako. Kwamfaila, wato mai juya rubutun C# zuwa manhaja, ba ta yi ƙorafi ba, amma manhajar na isa layin sai ta faɗi da InvalidCastException. Na gwada juyin da kalmar as ta C#, shi kuwa bai ce uffan ba, null kawai ya miƙo mini, NullReferenceException ta biyo baya a layi na gaba. Na rubuta implicit operator a cikin ajin, kwamfaila ta ƙi da kuskure mai lamba CS0553, wai ba a yarda da irin wannan juyi tsakanin aji da ajin da ya gada ba.

Abin da ya yi aiki shi ne constructor mai karɓar IEnumerable<Kaya> ya miƙa wa base, wato ajin List ɗin da aka gada. Sai dai kwafe jerin yake yi kacokan, kuma ko'ina na tace sai na sake rubuta new KundinKaya, abin har ya ishe ni.

Don Allah, idan na bar gadon List<T> na koma Collection<T>, mai naɗe jerin da aka ba shi ba tare da kwafa ba, ta yaya zan sa tacewa ta riƙa dawo da KundinKaya kai tsaye? Na gode.