Windows, macOS da Linux: me sunan jinsinsu da Hausa?

Jama'a, ina neman kalma ɗaya. Windows, macOS da Linux jinsi ɗaya ne, wanda Turawa ke kira operating system. Mu a nan Kaduna, daga shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello har zuwa cikin ɗaliban Kadpoly, abin da baki ya saba da shi shi ne "windo". A sa mini windo. Windon ya lalace. Har mai MacBook ake tambaya wane windo ne a kan na'urarsa, kamar yadda kowane dunƙulen ɗanɗanon miya ya koma magi ko da wane kamfani ya yi shi.

Da abin ya tsaya a baki da ban damu ba. Amma wanda ya ɗauka sunan jinsin ke nan, ba zai taɓa sanin yana da zaɓi ba, kuma yanzu ne zaɓin ke da rana. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na baya-bayan nan, abin da yawancin tsofaffin laftof na hannu da ɗalibanmu ke iya saye ba su cika ba. Mai gyara zai zura filash ya dabarce ta ta hau, sannan mai ita ya koma gida yana jiran minti biyu kafin Word ya buɗe, fanka tana huci. Wannan laftof ɗin, da Linux Mint, wani nau'in Linux, aka sa mata, da ta ɗan sarara. Ta yaya za ka gaya wa mutum haka da Hausa in ba ka da sunan abin da ake musanyawa?

Ga aikin operating system a taƙaice. Ita ke raba wa sauran manhajoji ram, wato ma'ajiyar wucin gadi, da lokacin furosesa, ita ke ajiye fayil ta san inda ta sa shi, ita ke magana da firinta da madannai da linzami ta hanyar ƙananan manhajojin da ake kira direbobi. Chrome ba ya taɓa na'ura kai tsaye, sai ya roƙe ta. Shi ya sa manhajar da aka gina wa Windows ba ta tashi a kan Mac sai an yi mata nata ginin daban.

Sunan Hausa na farko da ake kawowa shi ne "tsarin aiki". Wannan fassarar kalma da kalma ce, kuma ba ta nuna komai. Ma'aikatar ilimi ma tana da tsarin aiki. Ka ce wa mai shago "canja mini tsarin aiki" ka ga irin kallon da zai yi maka.

Na biyu, "babbar manhaja". Wannan ina girmama ta, domin masu rubutun kimiyya a jaridun Hausa sun daɗe suna amfani da ita, kuma masu karatu sun gane. Inda nake da ja shi ne, babba girma take nunawa. Akwai wasannin kwamfuta da suka fi Windows kanta cin wuri, akwai kuma nau'o'in Linux da ba su kai fim ɗaya nauyi ba. Abin da ya bambanta ta da saura shi ne kowa a kanta ya dogara.

Don haka ni "uwar manhaja" nake so. Bahaushe ya riga ya san wannan uwar. Uwar kuɗi ita ce wadda riba ke fitowa daga gare ta. Uwar jam'iyya ita ce wadda rassa ke ƙarƙashinta. Uwar ɗaki ita ce wadda ake fakewa a inuwarta. Ba wanda ya ce uwar kuɗi dole ta fi riba yawa. A fagen kwamfutar ma an riga an ce wa server, kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, "uwar garke", kunne bai ƙi ba.

Malam, na ga abin da ka rubuto, cewa a ce "ruhin kwamfuta" tunda ba ta motsi sai da ita. Allah ya ƙara sani, amma ruhi ba a cire shi a sa wani, ita kuwa wannan ana sauke ta a ɗora wata kafin la'asar. Ana ma ajiye biyu a kwamfuta ɗaya, in ka kunna ta tambaye ka wadda kake so. Hajiyar da ta ce to a kira su uwargida da amarya, kin ba ni dariya, sai dai masu Linux ba za su yarda su ne amarya ba.

Gwajin kalma shi ne ta ɗauki gardama, to mu gwada. Masu Windows za su ce uwar manhajarsu ce kowa ya iya, ta fito a 1985, daga baya ta mamaye ofisoshi, kuma duk firintar da ka saya a kasuwa da direbanta take zuwa. Gaskiyarsu. Yawan masu ita ne kuma ya sa masu ƙera bairos suka fi yi mata dako. Masu Mac za su ce kamfanin Apple shi ke ƙera na'urar, shi ke rubuta uwar manhajar, shi ya sa batir ke daɗewa, musamman tun da ya koma furosesansa na M1 a 2020. A garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Sai dai kuɗin, da kuma neman mai gyara ranar da ta lalace.

Masu Linux su ne suka fi kowa zafi. Za su tuna maka cewa Linus Torvalds ɗalibi ne a jami'ar Helsinki lokacin da ya fara ta a 1991, cewa kyauta ce kuma kowa na iya buɗe asalin rubutunta ya gyara, cewa tun 2017 duk kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya ita ke kansu, kuma Android ɗin da ke aljihunka a kanta aka gina ta. Duk haka ne. Abin da ba sa so a faɗa shi ne, mai zane da ya dogara da Photoshop ko CorelDRAW a shagon buga katin biki ba zai same su a can ba. Kun ga a duk wannan musun kalmar ba ta yi tuntuɓe ba.

Yaya, tambayarka ta yadda za a yi jam'in "uwar manhaja" ita ce mai wuya. "Iyayen manhaja" zai sa a nemi uba. Ni "uwayen manhaja" zan ce, ko a kauce a ce "nau'o'in uwar manhaja".

Saura ɗaya da ban warware ba. Abin da Torvalds ya rubuta ainihin cikin ne kawai, wanda Turawa ke ce wa kernel, sannan masu haɗa nau'o'in Linux irin su Debian da Fedora da Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa a 2004, suka lulluɓe shi da sauran kayan aiki. Na so in ce "ƙwaya", amma a Kaduna in ka ce kana neman ƙwaya wani wurin za a nuna maka. Tsakanin "zuciya" da "cibiya" wacce kuka zaɓa?